Ku Daina Zubar Musu Da Jini!

Ƴan uwa matasa, akwai waɗanda aka haifa da rami a zuciya, suka sha da ƙyar har suka kai shekara 20. Kun san su a unguwa: leɓe da harshe sun yi duhu, kan yatsu ya kumbura kamar makaɗin ganga, tafiya kaɗan sai haki. Ranar da ɗayansu ya ce kansa na sarawa, ido ya kaɗa ya yi ja, sai ka ji an ce: "Jini ne ya yi masa yawa, a kira wanzami ya yi ƙaho."

To wallahi wannan ganganci ne!

Zuciyarsa tana cakuɗa jinin da ya ɗauko iska daga huhu da wanda bai ɗauko ba. Shi ya sa jiki ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini don su cike giɓin. Garkuwarsa ke nan. Duk zubar da jinin da aka yi, sinadarin ƙarfe na tafiya da shi, kuma ƙarancin ƙarfen na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ko a asibiti, likitan zuciya ba ya ɗibar jinin sai jajayen ƙwayoyi sun haura kashi 65 cikin 100, ga alamun kaurin jini, an kuma tabbatar ba ƙarancin ruwa ba ne. Sannan a mayar masa da ruwa ta jijiya.

A zafin Afrilu irin na Tawa da Damagaram, sau da yawa ruwa ne jikinsa ke nema, ba aska ba. Ga shi kuma jininsu na da wuyar tsayawa, amma mai tallar magani a faranti ya miƙa musu diclofenac ko ibuprofen, masu jawo zubar jini da taɓa ƙoda.

Laifin wanzami ne kaɗai? A'a. Tun 2006 Nijar ta ce magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Madalla. To wanda ya girma da ciwon fa, wa ke bibiyarsa? Muna so kowane babban asibitin jiha ya riƙe rajistarsu, a riƙa auna musu jini da ƙarfe a kai a kai, da kuɗin da talaka zai iya.

Kafin nan, in kana da irin wannan ɗan uwa, ka tsaya tsakaninsa da ƙaho, ka kai shi wurin likitan zuciya.