KIMIYYA A SAUƘAƘE: Kwantenar Gwaji Da Sunayen Jama'a

Masu iya magana kan ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Haka abin yake ga masu rubuta manhajar kwamfuta, domin ba a miƙa aiki ga mai shi sai an jarraba shi da rumbun bayanai, watau ma'ajiyar sunaye da lambobi.

A ɗauka matasa uku ne ke haɗa wa wani asibiti a Kontagora manhajar rajistar majiyyata, ɗaya yana gari, ɗaya a Minna, ɗaya a Kaduna. A da, kowa kan kafa nasa rumbun, sai aiki ya tafi daidai a wurin wannan ya cije a wurin wancan, a kwana ana gardama. Tun da Docker ta fito a 2013 aka sami sauƙi. Akan ɗure rumbu irin su PostgreSQL cikin abin da ake kira kwantena, tare da bayanan gwaji, kowa ya sauke iri ɗaya. Wanda ya dagula nasa sai ya jefar ya tayar da sabo cikin 'yan mintoci. Sai dai a lura, kwantenar PostgreSQL ba ta ɗura bayanan farko sai ta tarar da ma'ajiyarta wayam, abin da ya sha rikita sababbin shiga.

To, amma me za a zuba a ciki? Nan gizo ke saƙa. Malalaci kan kwafi rajistar asibitin ta ainihi, da sunaye da lambobin waya da cutar kowa, ya raba wa abokan aiki. Wannan cin amana ne, kuma Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Har ila yau kwantena hawa-hawa ake gina ta. Abin da aka goge a hawan sama yana nan kwance a na ƙasa, kuma in aka ɗora ta a fili a Docker Hub, kowa a duniya na iya saukewa.

Ƙirƙirar sunaye ita ce mafita, amma ba aron na Ingila ko Amurka ba. Rajistar Kontagora tana ɗauke da Hausawa da Fulani da Kambari da Dakarkari, da mai amfani da sunan garinsu a madadin na mahaifi, da tsohuwar da ba ta san ranar haihuwarta ba. Akwai kuma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Manhajar da ba a taɓa gwada ta da Ɗanladi ko Bilƙisu ba, ranar da suka zo yankar kati, alamar tambaya za ta buga musu a cikin suna.