Jirgin Circassia da lissafin da bai cika ba: darasin fursunonin 1944 ga Matazu

A ranar 5 ga Nuwamba 1944, wani jirgin ruwan Birtaniya mai suna Circassia ya tashi daga gaɓar Morlaix da ke yammacin Faransa, ɗauke da sojojin Afirka ta Yamma waɗanda suka shafe shekara huɗu a hannun Jamus a matsayin fursunonin yaƙi. Jirgin ya isa Dakar ranar 21 ga watan. Bayan kwana goma, da safiyar 1 ga Disamba, dakarun Faransa suka buɗe musu wuta a sansanin Thiaroye, saboda sun ƙi watsewa zuwa garuruwansu kafin a biya su haƙƙoƙinsu.

Fiye da shekara 80 ke nan, amma har yau ba a daina jayayya kan tambayoyi biyu ba: mutum nawa ne suka sauka daga jirgin, kuma nawa aka kashe?

A watan Nuwamba 2024 ne shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa, a cikin wasiƙar da ya aike wa shugaban Senegal Bassirou Diomaye Faye, cewa abin da ya faru kisan kiyashi ne. A watan Oktoba 2025 kuma, kwamitin masana da Senegal ta kafa ƙarƙashin masanin tarihi Mamadou Diouf ya miƙa rahotonsa, inda ya ce shirya kisan aka yi, sannan aka rufa shi, kuma adadin da ya fi kusa da gaskiya yana tsakanin 300 da 400. Adadin da hukumomin sojan Faransa suka daɗe suna riƙe da shi kuwa 35 ne, wani rahoton nasu ya ce 70.

Matazu ba ta da teku, kuma manomin da ke noman masara da auduga a can bai taɓa ganin Dakar ba. Duk da haka, tazarar da ke tsakanin 35 da 400 abu ne da mutumin kudancin Katsina zai gane nan take, domin shi ma yana zaune ne a inda ake ɗauke mutane, a kashe wasu, a sako wasu, ba tare da an taɓa ganin cikakken jerin sunayensu ba.

Inda lissafin ya karkace

Duk da sunan Senegal da Faransa ta laƙaba wa rundunar, an ɗebo sojojinta ne daga ko'ina a yankunan da ta mallaka a Afirka ta Yamma, har da Mali da Gini da Burkina Faso da Benin na yau da kuma Nijar. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, ta tsare baƙaƙen fursunonin a sansanoni cikin ƙasar Faransa, ba ta kai yawancinsu Jamus ba. Da aka 'yantar da Faransa a 1944, sai aka yi gaggawar mayar da su gida.

A Morlaix, kimanin mutum 300 suka ƙi shiga jirgi har sai an ba su kuɗinsu. Kimanin 1,600 suka shiga. Takardun soja sun ce da jirgin ya yada zango a Kasablanka ta Maroko, kusan 400 sun ƙi ci gaba da tafiya, don haka 1,280 ne suka sauka a Dakar.

Wannan zango na Kasablanka shi ne ƙashin bayan gardamar. Armelle Mabon, masaniyar tarihi 'yar Faransa da ta shafe shekaru tana bin takardun, tana ganin an rage adadin waɗanda suka sauka a Dakar ne da gangan, domin a ɓatar da sawun ɗaruruwan da aka kashe. Wasu masana tarihi a Faransa sun yi mata musu. Abin da zai raba gardamar sananne ne: jerin sunayen waɗanda suka shiga jirgin da na waɗanda suka sauka. Shugaba François Hollande ya miƙa wa Senegal kwafin takardu a 2014, amma masu bincike na ci gaba da neman wannan jeri. Shi ya sa a 2025 Senegal ta koma ga ƙasa, ta fara tono a maƙabartar Thiaroye, don ƙasusuwa su ba da shaidar da takarda ta ƙi bayarwa.

Akwai jeri ɗaya da bai ɓata ba: na mutum 34 da aka yanke wa hukuncin ɗauri a 1945 bisa zargin tawaye. Hukumar da ta kasa faɗin sunan waɗanda ta kashe ta adana sunan waɗanda ta tuhuma.

Jiragen da suka zama kaburbura

Fasinjojin Circassia sun tsira daga teku, mutuwa ta tarar da su a tudu. Dubban fursunoni a Yaƙin Duniya na Biyu ba su ma kai gaɓa ba. Ɓangarorin biyu duka sun riƙa cusa fursunoni a ɗakunan kaya na ƙarƙashin jirgi, a kulle su, ba tare da wata alama a jikin jirgin da ke nuna akwai fursunoni a ciki ba. Jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa yana ganin jirgin abokan gaba ne kawai, sai ya harba. Sau da yawa wanda ya harba ɗan'uwan waɗanda ke kulle ne.

A ranar 12 ga Satumba 1942, a tekun Atlantika daura da Afirka ta Yamma, jirgin Jamus U-156 ya nutsar da Laconia na Birtaniya, wanda ke ɗauke da fursunonin Italiya kimanin 1,800. Italiya kuwa ƙawar Jamus ce a yaƙin. Sama da mutum 1,600 suka mutu, mafi yawansu fursunonin. Kwamandan jirgin na Jamus ya tsaya ceton waɗanda suka rage, sai jirgin saman Amurka ya kai masa hari yana cikin aikin. Daga nan rundunar ruwan Jamus ta haramta wa jiragenta ceton kowa.

Bayan wata biyu, ranar 14 ga Nuwamba 1942, jirgin Birtaniya Sahib ya nutsar da Scillin na Italiya, wanda ya taso daga Tarabulus ta Libiya da fursunonin Birtaniya da ƙawayenta kusan 800. Mutum 27 kacal aka ceto daga cikinsu. Sai a 1996 Birtaniya ta bayyana cikakken labarin, bayan matsin lambar dangi da masu bincike.

A gabashin Asiya abin ya fi muni. An ƙiyasta cewa fursunoni kimanin 20,000 ne suka mutu a jiragen Japan. Misalai biyu daga can sun isa su nuna abin da suna a takarda ke yi wa mamaci. Montevideo Maru ya nutse ranar 1 ga Yuli 1942 da fursunoni sama da 1,000, yawancinsu 'yan Ostireliya. Ƙasarsu ba ta daina bibiya ba, har Japan ta miƙa mata jerin sunayensu a 2012, sannan a watan Afrilu 2023 aka gano ɓaraguzan jirgin a zurfin da ya wuce mita 4,000. Shi kuwa Junyo Maru, wanda ya nutse ranar 18 ga Satumba 1944, ya tafi da rayuka kimanin 5,600. Mafi yawansu leburorin tilas ne daga tsibirin Java na Indonesiya, kuma har yau adadi kawai ake ambata game da akasarinsu. Ruwa ɗaya ya ci su duka, amma wanda ƙasarsa ta riƙe sunansa shi ake nema bayan shekara 80.

Wannan ne ya sa Yarjejeniyar Geneva ta Uku ta 1949 ta yi tanadi filla-filla. Sashe na 22 ya ce a tudu kaɗai za a tsare fursunan yaƙi. Sashe na 46 ya wajabta a rubuta cikakken jerin sunayen fursunoni kafin a ɗauke su daga wani wuri zuwa wani, ya kuma ambaci tafiyar ruwa da ta sama musamman. Sashe na 122 ya ce kowace ƙasa ta buɗe ofishin bayanai domin dangi su san halin da nasu ke ciki. Najeriya ta shiga yarjejeniyoyin a 1961.

Rabon Arewa a wannan teku

Ƙasar Hausa ta ɓangaren Ingilishi ita ma ta tura 'ya'yanta ta ruwa. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun tafi Indiya a jiragen ruwa a 1943 da 1944, daga can suka shiga dazukan Burma suka gwabza da Japan. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka samo da yawa daga cikin sojojin. Layin dogon da ke kwasar auduga da gyaɗa daga Funtuwa zuwa Zariya ya zarce Legas, shi ne hanyar da ta haɗa wannan yanki da bakin teku.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta jahilci lissafi ba. Ta san yawan magidanta a kowace gunduma saboda haraji, ta san yawan shanu saboda jangali. Amma a 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a wuraren tunawa da su ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. A Najeriya, fagagen daga na Burma sun samu barikoki da sunansu, irin su Myohaung a Legas da Dalet a Kaduna. Matashin da ke Matazu ko Musawa da ke son sanin ko kakansa ya hau ɗaya daga cikin jiragen nan, da wuya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Lissafin yau

Dokar fursunonin yaƙi ta shafi yaƙi tsakanin ƙasashe ne. Rikicin Arewa maso Gabas da ta'asar 'yan bindiga a Arewa maso Yamma suna ƙarƙashin wasu dokoki, ciki har da sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce a gurfanar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai tushen ɗaya ne: duk wanda ya riƙe mutum, wajibi ne ya iya faɗin sunansa da inda yake.

A nan ne Najeriya ke da bashi. Ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta Red Cross tana da rajistar mutum kimanin 24,000 da suka ɓata a ƙasar, adadi mafi yawa da take da shi a Afirka. A 2015 Amnesty International ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja a Arewa maso Gabas tun daga 2011, zargin da rundunar ta musanta. Bayan rikicin Zariya na Disamba 2015, gwamnatin Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya. An faɗi adadin, ba a faɗi sunayen ba.

A Katsina, lokacin da aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, an kwashe kwanaki ana saɓani kan yawansu kafin a sako 344. Da aka kai hari masallacin Unguwar Mantau a Malumfashi ranar 19 ga Agusta 2025, adadin farko da hukuma ta bayar bai kai 20 ba, ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin kuma ya ce 50. Da akwai jerin sunaye, da babu wurin irin wannan saɓani.

Ga iyalin Bahaushe, wannan ya wuce batun alƙaluma. A fiƙihun Malikiyya, matar wanda ya ɓata takan kai ƙara gaban alƙali, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an tabbatar da mutuwarsa, ko ya kai shekarun da ba a zaton yana raye. Ke nan duk mutumin da aka ɗauke ba a ji ɗuriyarsa ba, ya bar mace da ba ta san matsayinta ba, da 'ya'yan da ba a kira su marayu ba, da gonar da ba za a raba ba. Matan da mazajensu suka hau Circassia sun yi irin wannan zama, kuma akwai masu yin sa yanzu a ƙauyukan Matazu da Ɗanmusa da Faskari.

Abin da ya kamata a nema

A 2025 ƙananan hukumomi da dama a Katsina sun yi zaman sulhu da 'yan bindiga, aka sako wasu daga cikin waɗanda ke hannu. Ko mutum yana goyon bayan sulhun ko yana adawa da shi, akwai tambayar da ta wajaba a kan kowa: da wane jeri aka auna? Idan ba a san mutum nawa aka ɗauke ba, ba za a san nawa suka rage a daji ba, balle waɗanda suka mutu a can.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Mai unguwa da dagaci sun san duk wanda aka ɗauke a yankinsu, limami ya san wanda ya yi wa sallah. Abin da babu shi ne rajista ɗaya a sakatariya, mai ɗauke da suna da gari da rana da abin da ya biyo baya, wadda kansila da ɗan jarida da dangi za su iya dubawa. Haka nan jami'an tsaro da 'yan sa-kai, duk wanda suka kama a rubuta shi, a kuma sanar da danginsa inda yake. Majalisar dokokin jiha na da ikon mayar da wannan doka, kuma matasan da ke tambayar 'yan takara batun taki da hanya suna iya ƙara wannan a cikin tambayoyinsu.

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Na Thiaroye ya ɗauki shekara 80 kafin a fara ganin ƙarshensa, a lokacin da matan da iyayen da suka yi jira duk sun riga mu gidan gaskiya. A Matazu shaidu suna nan da ransu, sun san sunayen, kuma littafin rajista bai kai kuɗin buhun taki ba.