Kada A Yi Gaggawar Kai Labari Maɗaba'a

'Yan'uwana masu sha'awar rubuta ƙagaggun labarai, a ganina babbar matsalarmu ita ce gaggawa. Da an ɗiga aya ta ƙarshe, sai a ce labari ya kammala, alhali sauran gyara.

Ko Abubakar Imam bai tsira daga gyara ba. A 1936 ya zauna a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, Rupert East yana duba masa kafin a buga. To, balle mu ɗalibai?

Ka ajiye labarinka mako biyu, sannan ka karanta wa abokinka a bayyane. Inda ya fara hamma, nan ciwon yake. Galibi za ka tarar shafi biyu ne na gaisuwa tsakanin saurayi da budurwa, ko lissafin atamfofinta da turarenta. Ka soke su, ko da sun burge ka.

Sannan ka bi sawun taurarinka ɗaya bayan ɗaya. Kishiyar da ta yi rantsuwar ramuwa a babi na uku, ina ta shige? Kai ka manta da ita, mai karatu kuwa yana nan yana jiranta. Ko ka dawo da ita ta rama, ko ka cire rantsuwar tun daga farko.