Kada ka biya kuɗin shata har Kwatano tun daga gida

Idan an gama girbi, an zuba hatsi cikin rumbu, sai tashoshin Madawa da Buza da Keita su cika da matafiya. Wasu Abijan suka nufa, wasu Lome, wasu Kwatano. Yawanci samari ne masu zuwa biɗa. Amma akwai ƴan kasuwa. Akwai tsoffi masu zuwa ganin ƴaƴansu, da mata masu bin mazansu.

Yawancin mutane bas suke shiga, kamar ta kamfanin Rimbo. Wasu kuwa shata suke ɗauka. Mene ne shata? Shi ne ka ɗauki mota duka, kai kaɗai ko kai da mutanenka. Ba a jiran ta cika. Ka ce a tsaya salla, a tsaya. Tsohuwa ta gaji, a huta. Ni ban ƙi shata ba. Ga maras lafiya, ko mace mai goyo, ko tsoho, wallahi rahama ce. Sai dai da tsada, don kai ne za ka biya kowace kujera, har wadda ba kowa bisanta. Saurayin da ya ci bashi don ya tafi biɗa, ba tasa ba ce.

Abin da na ƙi shi ne a biya kuɗin tafiyar duka tun daga gida.

Ɗan'uwa mai karatu, mu duba hanyar tare. Mutumin Buza zai sauko Madawa. Daga nan sai Galmi, garin albasa, sai Malbaza, sai Birnin Ƙonni. Mutumin Keita shi kuwa ta Tawa yakan bi ya faɗo Ƙonni. Daga Ƙonni sai Dogon Dutsi, sai Doso. A Doso ake barin hanyar Yamai a yi kudu zuwa Gaya, bakin kogin Kwara. Ƙetaren kogi Malanbil ce, ƙasar Benin. Daga can sai Kandi, sai Paraku, kana Kwatano bakin teku. Daga Madawa tafiyar ta fi kilomita 1,200. Abin da ke cikin Benin kaɗai ya fi kilomita 700. Ka gani ke nan, fiye da rabin hanyar ba cikin ƙasarmu yake ba.

Tsakanin Gaya da Malanbil akwai gada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar. A watan Fabrairu 2024 Benin ta buɗe nata gefe, Nijar ba ta buɗe nata ba a lokacin. Mutane suka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa, su da kayansu. Jirgin matafiya kuwa ba ya ɗaukar mota.

A shekarar nan ta 2024 ne ƙanena ya raka innarmu Kwatano, wajen babban ɗanta. Ta tsufa, ƙafa tana damunta, shi ya sa aka ce a yi mata shata. Wani ɗan kamasho ya haɗa su da direba. Direban ya ce har ƙofar gida zai kai su. Aka ƙirga masa kuɗi duka, a tsaye, ba shaida, ba takarda. Da suka isa Gaya, sai ya sauke kaya. Ya ce: «Ku ƙetare, yarona yana jiranku can da wata mota.» Suka ƙetare. Ba yaro, ba mota. Suka kira salula, a kashe. Tsohuwa ta kwana bisa tabarma a tasha. Da safe ƙanena ya sake biyan wata mota da kuɗin guzurinsu. Har yau inna ba ta son a tada zancen.

Wani zai ce: «To, direba fa? Da me zai sha mai?» Gaskiya ne. Direba ma yana da tasa damuwa. Mai da tsada. Sau da yawa motar ba tasa ba ce, akwai mai ita yana jiran lissafi. Kuma idan ya sauke ku, wataƙila ya komo ba fasinja ko ɗaya. Akwai kuma fasinjan da ake kaiwa, ya ce bari in shiga gida in ɗauko kuɗi, shi ke nan an rabu. Direbobin kirki sun fi yawa, na sani. Ban ce a hana su haƙƙinsu ba.

Ga abin da nake gani ya fi. A yanka tafiyar biyu. A yi ciniki daga gida zuwa Gaya kaɗai. A ba direba kuɗin mai tun farko, sauran sai an sauka. In an ƙetare, a yi sabon ciniki da motar da ido ya gani. Ko da an ce maka gada a buɗe take, tambaya: motar nan tana da takardun shiga Benin? Wa zai biya abin da ake biya bisa hanya, kai ko direba? In mota ta lalace a daji, wa zai nemo wata? Waɗannan tambayoyi ba rashin kunya ba ne.

A yi cinikin cikin tasha, gaban shugaban tasha ko wani dattijo da ya san direban. A rubuta lambar mota, da sunan direba, da abin da aka ba shi, da abin da ya rage. Takarda ɗaya ta tafi da matafiyi, ɗaya ta zauna gida. Kada a manta katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara. A tashi da sassafe, don tafiyar dare ba ta da kyau a wannan hanya.

Bana ɗan inna ya aiko a kawo masa matarsa da yara biyu. Mun riga mun gaya wa direban: Gaya muka yi da shi, kuma rabin kuɗinsa yana hannun ƙanena sai sun ga kogi.