Wa Zai Tace Littafin da ke Hannun Ɗalibanmu?

'Yan'uwa malamai, duk sanda aka ambaci buɗe digirin farko a fannin ɗab'i a jami'o'inmu na Arewa, sai a sami mai cewa ɓata shekara huɗu ne, wai yaro ya je maɗaba'a ya koyi juya inji a wata shida. Mai wannan magana bai bambance mai buga takarda da mai wallafa littafi ba. Kuma ba mu ga alamar yana buɗa littattafan da ake miƙo mana mu koyar da su ba.

Mu da muke cikin aji mun san abin da ke ciki. Littafin Hausa na firamare ya zo babu ƙugiya a kan baƙaƙe, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, malami ya ƙare darasi yana bin shafi da biro. Littafin lissafi ya zo da amsa a baya wadda ta saɓa wa tambayar gaba. Ba laifin inji ba ne, inji abin da aka ba shi yake bugawa. Laifin rashin edita ne da ya san ƙa'idojin rubutu, ya san kalmar da ɗan aji biyu zai iya ɗauka da girman harafin da ya dace da idonsa, ya san lissafin kuɗin takarda, da yarjejeniyar da za ta kare marubuci daga masu satar fasaha. Wannan ilimi ba a tsintar sa a gindin inji.

Abin takaici, gidanmu ne tushen sana'ar. A Zariya Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, kuma a hannun Rupert East, a kan teburin gyara, Abubakar Imam ya goge kafin ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, NNPC a 1966. Da wannan tsari ya raunana, marubutan Kano suka ɗauki nauyin buga wa kansu, suka samar da masu karatu dubbai, musamman mata. Masu yi musu ba'a da kurakuran rubutu su gaya mana wace makaranta ce ta horar musu da editoci.

Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi ta daɗe tana ba da digiri a fannin ɗab'i. A nan kuwa, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta rarraba fannin sadarwa gida bakwai a 2020, talla ta sami ɗakinta, fim ya sami nasa, littafi bai samu ba.

Ana kuma cewa babu aikin yi. Kowace shekara iyaye na sayen littattafai daga aji ɗaya har ƙarshen sakandare, gwamnatoci na ba da kwangilarsu, kuma 'ya'yanmu masu digirin Hausa ko Larabci na zaune a gida. Kasuwa tana nan. Wasu ke ci.

Saboda haka muna neman wannan reshe ya gabatar da ƙuduri a taron wakilai na jiha: a rubuta wa jami'ar jiharmu a buƙaci ta buɗe wannan digiri, tare da darasin tace rubutun Hausa, boko da ajami, da wa'adin sanin makamar aiki a kamfanin ɗab'i. A kuma sa malaman firamare cikin masu tsara manhajar, domin su ne za su riƙe littafin a gaban yara.