Motar kara a Alasan Mairairai

A kakar bana wata ta'aziyya ta kai ni wani ƙauye na ƙaramar hukumar Alasan Mairairai, wadda takardun gwamnati ke rubutawa El Allassane Maïreyrey, cikin gundumar Mayahi, ta wajen iyaka da ƙasar Tasawa. Wanda ya raɗa wa wurin suna bai yi ƙarya ba, domin rairayin da ke can ba kowace mota ke ratsa shi ba. Ban da amalanke da ƴan kabu-kabu, abin hawan da ƙauyen ya sani shi ne wata tsohuwar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ke zuwa ranar kasuwa, ta sauke fatake da buhuna, ta ɗauki awaki da wake, ta koma.

Bayan an yi addu'a an watse, ina zaune gindin wani gawo sai ga wani yaro ɗan kimanin shekara 13 ya zo wucewa yana jan motar kara da zare. Motar kara ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, kusan dukkanmu mun yi ta. Amma wannan ta sa na kira shi, domin ita ce wadda na shigo a cikinta da safe. Ba wai ta yi kama da ita ba, ita ce. Ta karkace hagu kamar yadda ta gaskiyar ta karkace. Fitilarta ɗaya ce, domin ɗayar ta fashe tun bara. Ƙofar direba ɗaure take da igiya, ga safaya taya bisa rufi, ga jarka biyu rataye a gefe, har da karen mota maƙale a baya da ƙafa ɗaya. Ƙashin motar na kara ne mai kauri, jikinta na totuwa da aka fere aka dinga haɗawa da ƙayar aduwa a maimakon ƙusa, tayoyin kuma an yanko su daga tsohon silifa har da zanen gindinsu. Da na danna bayanta da yatsa sai ta lotsa ta dawo: ya yanka gwangwanin tumatir siri-siri ya jera, ya yi mata sifirin.

Na ce, "Samari, wa ya koya maka?" Ya ce, "Ba kowa, Kawu." Na ce to yaya aka yi tayoyin ba su yi wa jikin girma ba, alhali nan ne kowane yaro ke kuskure? Sai ya dube ni kamar wanda ya tambayi abin da kowa ya sani. Ya ce ai aunawa ya yi. Ranar kasuwa, in direba ya tafi cin abinci, sai ya lallaɓa ya auna motar da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa: tsawonta kamu 12 da ɗan ɗori, faɗinta kamu kaza, taya kamu kaza. In ya koma gida, duk inda ya samu kamu ɗaya sai ya sa faɗin yatsa ɗaya. Sau biyu karen mota yana korarsa da bulala, yana zaton ɓarawo ne.

To mai karatu, tsaya ka gwada da hannunka. Jera faɗin yatsa daga gwiwar hannunka zuwa ƙarshen yatsanka na tsakiya, za ka samu kusan 24. Wato yaron nan ya rage motar sau 24 a kowane ɓangare, tsawo da faɗi da tsayi, ba tare da ya taɓa jin sunan abin da yake yi ba. Faransawa suna kiran wannan ragi eshel, kalmar da asalinta ke nufin tsani, suna rubuta shi 1/24. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, 1/24 ɗin nan ɗaya ne daga cikin ma'aunan da manyan kamfanonin duniya ke ƙera ƴan ƙananan motoci a kansu.

Domin kuwa a ƙasashen Turai da Amurka da Japon wannan abu ba na yara kaɗai ba ne. Akwai dattawa masu furfura, likitoci da alƙalai da tsoffin sojoji, da ke rufe kansu a ɗaki wata da watanni suna haɗa ɗan ƙaramin jirgin ruwa ko jirgin sama ko tankar yaƙi, abin da suke kira maket. Suna da ƙungiyoyi da mujallu da gasa, kuma a wurin gasar ba kyau kaɗai ake dubawa ba, ana ƙirga ƙusoshi, ana duba ko fentin ya dace da shekarar da aka yi jirgin. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da jirgin yaƙin nan Spitfire a ma'aunin 1/72, Heller na Faransa aka kafa shi a 1957, Tamiya kuma na Japon ne. Suna sayar da abin gunduwa-gunduwa cikin kwali, da takardar bayani, mutum ya haɗa da kansa. Ƴan motocin ƙarfe irin na Dinky Toys kuwa galibi 1/43 ne: Peugeot 504 da iyayenmu suka sani, mai tsawon kusan mita 4 da rabi, takan koma santimita 10 da rabi. Jirgin Boeing 747 mai tsawon mita 70, in an rage shi sau 72, yakan tsaya kusan mita ɗaya. Kuma kada a ce al'adar Nasara ce. A 1920 an tono a Masar, cikin kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, ƴan jiragen ruwa na katako da matuƙansu da igiyoyinsu, waɗanda aka sassaƙa kimanin shekara 4000 da suka wuce, suna nan har yau a gidajen tarihi na Alƙahira da Niyok.

Wani zai ce wannan shagalin masu ƙoshi ne, mu da ke fama da farashin hatsi ina ruwanmu. Zan amsa da labarin wasu masu gyaran keke biyu, wa da ƙane, Wilbur da Orville Wright na garin Dayton a Amurka. A 1878, suna yara, mahaifinsu ya kawo musu tsarabar wani ɗan abin wasa na gora da takarda da roba wanda ke tashi sama in an murɗa shi. Da ya lalace sai suka shiga ƙera nasu. Da suka girma suka nufi yin jirgi na gaske, lissafin da suka samu a littattafai ya yi ta yaudararsu, sai a 1901 suka haɗa wani akwati mai fanka, suka yanka ƴan ƙananan fukafukai kusan 200 na ƙarfe, suna hura musu iska ɗaya bayan ɗaya suna rubuta abin da suka gani. Ranar 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi, daƙiƙa 12, mita 37. Har gobe babu gada ko jirgi ko madatsar ruwa da ake ginawa ba a fara rage ta a takarda ko a maket ba, saboda kuskure a ƙarami araha ne, a babba kuwa rayuka ne.

Nan kusa da mu ma an yi. A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga kimanin mita 2 daga ƙasa. An yi tafi, an ɗauki hoto. Ni ma na yaba. Sai dai na lura da wani hali namu: babban abu mai ƙara shi ke tara mu, mu yi kallo mu watse. Yaron da ke durƙushe yana auna taya da kamu ba ya tara kowa, alhali abin da ke hannunsa, wato haƙurin awo, shi ne abin da masana'anta ke saye da tsada.

Na je na gaida mahaifin yaron, na yi masa barka. Ya ce, "Malam, barkar me? Yaron nan in an aike shi kiwo sai a tarar da shi yana feƙe kara, awaki na cikin gonar mutane." Ban ga laifinsa ba. A ƙasar Mayahi kara dukiya ne: da shi ake danni, da shi ake girki, shi dabbobi ke ci in rani ya yi nisa, har sayar da shi ake yi dami-dami. Kuma gaskiya ce masu motar waya kan kwance shingen lambun mutane, masu ta gwangwani kuma kan yanke hannu da tsatsa, a wurin da likita ke da nisa. Uban da ya ga ɗansa na ƙera abin da ba a ci ba a sayarwa, dole ya yi tsaki. Wanda bai kamata ya yi tsaki ba shi ne wanda aka biya domin ya gane.

Domin yaron yana lekol, aji shida, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa lissafi ne ke kayar da shi. Na tambaye shi ko an koya musu ragin taswira, wato yadda santimita ɗaya a takarda ke tsayawa a madadin kilomita kaza a ƙasa. Ya ce an yi, bai gane ba. Ka ji fa! Yaron da ya ƙirƙiro 1/24 da yatsunsa an rubuta masa sifiri a kan darasin eshel, saboda an karanta masa shi da Faransanci a kan allo, ba wanda ya ce masa abin nan da kake yi da kara, shi ne wannan. Abin ya sosa mini tsohon miki. Ina aji huɗu wani mushe ya kama ni da motar waya da na kwashe sati uku ina lanƙwasawa, mai sitiyari dogo da ke juya ƙafafun gaba, ya sa ƙafa ya take ta gaban ƴan aji, ya ce lekol ba garaji ba ce. A zamanin akwai darasin aikin hannu da ake kira APP cikin jadawalinmu, amma abin da na tuna mun yi a cikinsa shi ne sharar fili da ɗebo ruwa. Na yi lise, na iya rubuta wasiƙa da Faransanci mai kyau, yau kuwa in babur ɗina ya mutu sai na tura shi wurin wanda aka kora daga aji uku.

Ga ku ma'aikata, musamman sufetocin makarantu da daraktoci, abin da nake roƙo ba ya bukatar kasafi ko taron bita a otel. Bayan girbi kara na ko'ina. Mushe ya ce kowane yaro ya auno amalanken gidansu, ko rumbu, ko ajin kansa, ya rubuta awon, ya raba da 10 ko da 20, ya ƙero shi, sannan a sa ma'auni a duba. Wanda tayarsa ta yi girma zai ga kuskuren rabawarsa da idonsa, ba sai an yi masa jan biro ba. Rabawa da ninkawa da zanen fasaha duk suna cikin wannan awa guda. A Maraɗi muna da lise teknik Ɗan Kasawa, muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo mai sashen koyon fasaha, amma hanyar da ke kai yaro can takarda ce kaɗai ke buɗe ta, kuma irin wannan yaro takardar ce ke fara zubar da shi.

Ku kuma alhazai, ku ne kuka fi kowa sanin ciwon. Wanene cikinku bai taɓa ajiye babbar mota wata guda ba saboda wani ɗan ƙarfe da ba ya cika tafin hannu, ana jiran a kawo shi daga Kano ko Kwatano, domin ba a samu wanda zai auna tsohon ya ƙera sabo daidai ba? Matatar mai ta Damagaram tana aiki tun 2011. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, kilomita kusan 284. Duk waɗannan ƙarafa ne masu son hannun da ya san awo, in ba namu ba na wasu. A lokaci guda kwantenonin da kuke shigowa da su cike suke da motocin roba na Sin, waɗanda yaro ke karyawa kafin la'asar ɗin ranar salla bai koyi komai ba. Ban ce a daina sayarwa ba, kasuwa kasuwa ce. Na ce alhajin da ke iya sa buhun shinkafa da babur a gasar kokawa zai iya sa jika goma da ma'aunin tela da filaya a gasar motar kara ranar kasuwar Mayahi ko ta Tasawa, bisa sharaɗi ɗaya: a ba wanda awonsa ya fi daidai, ba wanda ya fi shafa fenti ba. Wanda ya ci, a kai shi garaji ko wurin walda lokacin hutu, da yardar iyayensa.

Kafin in tashi na nemi yaron ya sayar mini da motar. Ya ƙi, ya ce bai gama ba, akwai wani rubutu a bayan ta gaskiyar da bai kwafa ba tukuna. Na ce to jirgin sama fa, bai taɓa ƙerawa ba? Ya ce yara na yi, amma shi ba ya yi. Na ce don me? Ya ce, "Kawu, ai bai taɓa sauka na auna shi ba." Sai na zana masa a ƙasa, na ce babbansu yana da mita 70, wato kamunsa wajen 175. Ya durƙusa ya shiga jan layi a rairayi, yana tara yatsu 24-24 yana share su, ya daɗe. Da ya ɗago ya ce zai kai kamu 7 da ɗori, ya fi tabarmar Baba tsawo, kuma zai ci dami biyu na kara. Ya yi shiru, sannan ya ce in zan sake biyowa ta wurin Baba in roƙa masa, domin shi in ya tambaya ba za a ba shi ba.