A Buɗe Wa Baƙi Ƙofar Madafa

Tun sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a 1911, Sabon Gari bai rabu da baƙi ba. Aka kafa gonar gwaji a Samaru a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya a 1962, sai baƙi suka daɗa yawa: mutanen Kudu, da na Kamaru, da Nijar, da Gana, har da Indiyawa da Turawa. Har wa yau waɗansu suna zaune cikin gidajen jami'a, waɗansu kuwa haya suke kamawa a Samaru ko Muciya, katanga ɗaya tsakaninsu da mu.

Abin da ya dame mu shi ne, sai mutum ya shekara huɗu ko biyar a nan, ya ɗaure kayansa ya koma ƙasarsu, bai taɓa ganin yadda ake tuƙa tuwo ba, ba shi kuma da gida ko ɗaya a ƙasar Zazzau wanda zai riƙa aiko wa gaisuwa. Mu a ganinmu abubuwan nan biyu tushensu ɗaya ne, kuma laifin ya fi yawa a wajenmu, mu masu gida.

Ku duba yadda akawu ko malamin makaranta yake karɓar abokin aikinsa baƙo. A shimfiɗa masa a zaure ko falo, a aiki yaro kanti ya sayo lemo, a dafa shinkafa da miyar tumatir, watau abin da baƙon ya saba ci a garinsu. Tuwon dawa da miyar kuka kuwa a ɓoye su, sai ka ce abin kunya. Ya ci, ya yi godiya, ya tafi, bai san gidan ba.

Tuwo kuwa ba a koyonsa a takarda. Sai an zauna tare an surfa dawa, an bakace, an wanke, an shanya, an kai niƙa, an tankaɗe. Sai baƙuwa ta tsaya bakin murhu ta ga yadda ake talge, ta karɓi muciya ta ji nauyinta a kafaɗa, tuwonta na fari ya yi gudaji, matan gida su yi mata dariya ita ma ta yi. (Unguwar da ake kira Muciya ai ita ta fi cancanta ta fara.) Za ta ji dalilin da ya sa ake jefa kanwa cikin kuɓewa, ta san daddawa daga kalwar ɗorawa take fitowa. Aikin yana cin wuni, a cikin wunin nan ne ake hira, a san sunayen 'ya'yan juna, a ji wa ke ciwo a gida. Daga nan sai kwano ya fara zirga-zirga tsakanin gidajen biyu, kwanon maƙwabta kuwa ba a mai da shi wofi.

Kada a ce wannan zancen mata ne kurum. Masanan Samaru sun fitar da irin dawa, da masara, da wake, da gyaɗa masu yawa. Amma iri ko ya cika rumbu, in tuwonsa bai yi danƙo ba, ko bai kwana ya yi ɗumame ba, uwargida za ta ce a koma wa farafara, maigida kuma ba zai sāke shuka shi ba. Ashe ke nan baƙon da ya zo nazarin dawa, in bai san madafa ba, rabin karatunsa ya yi.

Mun san za a kawo maganar kulle, a ce namiji baƙo ba ya wuce zaure. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a karya al'ada ba. Amma mace tana shiga. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a ƙasar Zazzau tare da mijinta M. G. Smith. Inda shi ba ya iya shiga, ita ta shiga, ta ƙulla zumunci da wata tsohuwa a Giwa, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Littafin nan, Baba of Karo, da aka buga a 1954, har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da a zaure aka tsai da ita da ba a same shi ba. Gwauro baƙo kuwa, me zai hana maigida ya raka shi kasuwar Sabon Gari, ya nuna masa kuka mai kyau da wadda ta tsufa, sa'an nan su ci cikin akushi ɗaya?

'Ya'yanmu ma baƙi ne a wani wurin. Suna tafiya Masar da Ingila da Malesiya karatu, jakarsu cike da kuka da yaji da kilishi, su haɗu su kaɗai su dafa su ci. Muna so a can wata uwa ta jawo su madafarta, to, sai mu fara yi wa 'ya'yan waɗansu a nan.

Ran Asabar ba ofis, ba makaranta. Wanda ke da maƙwabci baƙo, iyalinsa su aika wa matarsa ta zo da hantsi. Mudu ɗaya na dawa ya isa darasin fari, kada kuma a karɓe mata muciya don an ga gumi ya karyo mata.